Ƙafa Huɗu a Hanyar Illo

A Bagudo ba a tambayar mutum dalilin da ya sa ya sayi akori-kura. Abin da ake tambaya shi ne me zai riƙa ɗauka da ita. Shanshera ce daga fadama, ko albasa, ko awaki, ko fasinjoji ranar kasuwa? Duk wanda ya ba da ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi an gane shi, an wuce wurin. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. Ina zaune a Birnin Kebbi, ina yi wa wani kamfani aiki ta intanet, kuma kayan aikina gaba ɗaya ba su cika jakar goyo ba. Amma ina da tsohuwar Hilux ƙirar 1995, mai ja da ƙafa huɗu, wadda na girme ta da 'yan shekaru kaɗan, kuma a cikin shekara bakwai ta ci kuɗin da matata ta ce ya isa a tayar da ɗaki biyu har a yi musu rufi. Ban taɓa musa mata lissafin ba, don ita ke riƙe da littafin.

Idan dattawa suka matsa da tambaya, da doki nake ba su misali. Mai kiwon doki a garinmu yana sayen dusa da harawa da kanwa shekara guda cur, yana wanke shi, yana yanke masa kofato, don ya hau shi sau biyu ko uku, ranar Salla ko ranar da aka yi naɗin sarauta. Ba wanda ke tambayarsa buhu nawa dokin ya ɗauko. Haka mai tantabaru. To ni dokina ƙarfe ne. Wasu sukan yi dariya su yarda, wasu kuma su ce doki ai yana haihuwa.

Akwai wani abu da ke ba ni dariya game da wannan sha'awa tawa. A Ostareliya da Amurka da Afirka ta Kudu, masu irin motata sukan yi tafiyar awa uku ko huɗu ranar hutu don su nemo taɓo su shiga, su ɗauki hoto, su koma gida su wanke. Nakan kalli bidiyonsu da dare, kuma na koyi abubuwa da yawa a wurinsu. Amma mu ba ma neman taɓo. Da ka tsallake kogin Kwara a Tuga ka nufi Kaoje, ko ka karkata wajen Illo da Lolo, inda kogin ke shigowa Najeriya, ko ka miƙe Tsamiya har bakin iyakar Benin, to muddin ka sauka daga babban titi don zuwa wani ƙauye ko tunga, abin da waɗancan ke biyan kuɗi su nema shi ne hanyarka ta zuwa gaishe da kakarka. Dangin mahaifiyata suna wata tunga a bayan Illo. Da rani yashi ne mai haɗiye taya. Da damina laka ce baƙa mai santsi kamar sabulu, da ƙoramu waɗanda ba su da suna sai watan Agusta. Babur ne sarkin wannan hanya, sai amalanken shanu, sai kwalekwale idan ruwa ya yi ruwa.

Motar ta shigo ƙasar nan ta Kwatano, kafin dokar da ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga farkon 2017, kuma ta yi hannu biyu kafin ta zo nawa. Injinta shi ne wanda ake kira 3L: silinda huɗu, lita 2.8, mai shan gas, ba turbo, ƙarfinsa bai wuce na doki 90 ko kusa da haka ba. Ƙaramar motar gida ta yanzu ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Lokacin da na saye ta abokaina sun yi mini tsiya, don a lokacin fetur na da tallafi, gas kuwa tuni aka sake shi ga kasuwa, shi ya sa galibin Hilux ɗin Najeriya masu fetur ne, masu gas ɗin sun fi yawa a tsallake, ƙasashen renon Faransa. Daga 29 ga Mayu 2023 tsiyar ta ragu.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne babu kwamfuta a cikinta ko ɗaya. Famfon da ke tura gas ƙarfe ne zalla, yana juyawa da injin, yana auna mai da sifirin da ƙananan ƙarafa. Waya ɗaya ce tak ke zuwa masa, wadda ke buɗe hanyar mai idan ka murɗa makulli. Gaba da baya gatari ne guda mai ƙarfi, a kan faifan sifirin. Idan kana son ta ja da ƙafa huɗu sai ka sauko da kanka, ka murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, ka koma ka ja ƙaramar giyar da direbobinmu ke kira ogzilari. Wanda ya wuni yana fama da abin da ba ya iya taɓawa zai gane daɗin wannan. A wurin aiki nakan shafe kwana biyu ina neman kuskuren da ke ɓoye a layi ɗaya cikin dubban layuka, in na same shi in gyara harafi uku, babu abin da ya canja a ɗakin sai launin wani rubutu a allo. A ƙarƙashin mota kuwa, idan boris ya mutu za ka ji kukansa, ka taɓa ka ji zafinsa, ka ciro shi ka ga inda ya cinye. In ka sa sabo, kukan ya ɗauke.

Ba ni kaɗai nake aikin ba. Akwai wani tsohon bakanike a Bagudo da nake kira Baba, shi kuma yana ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Ya fara koyon aiki a zamanin Landiroba da Fijo 404, ya yi zamani da 504 akori-kura da ake haɗawa a Kaduna. Garejinsa inuwar dogon yaro ce da rumfar kwano da rami ɗaya. Kayan gwajinsa dogon sukudireba ne: ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Ranar da na fara kai masa motar ya saurare ta kamar minti biyu, ya ce, "Injiniya, nozul na ukku shina zuba. Wagga mota ba ta ɓoye ciwo, in ta ji tana hwaɗi." Da aka kai nozul ɗin wurin masu gwaji a Birnin Kebbi, na ukun ne.

A aikinmu akwai abin da muke kira tsohon rubutu, wato manhajar da wasu suka rubuta shekaru da yawa, suka tafi, ba su bar bayani ba, kuma har yanzu ita ke riƙe da kamfani. Tsohuwar mota haka take. Kowane mai ita ya bar sawunsa. Na tarar da wayar fitila an ɗaure ta da ledar burodi, na tarar da fis an maye shi da waya mai kauri, na tarar da wani noti da ba na wurin ba an tura shi da ƙarfi har ya yi wa kansa sabuwar hanya. Shekarar farko ba abin da na ƙara mata. Cirewa kawai na yi ta yi, ina mayar da ita yadda aka ƙera ta, ina rubuta komai a wayata: kwanan wata, kilomita, abin da aka canja, inda aka saya, sabo ne ko Beljiyam. Baba yakan ce, "Kai dai ka cika lissahi." Amma yanzu shi ke tambayata yaushe muka canja bakin man giya.

Gyaran da ya fi kowanne amfani a motar nan bai kai kuɗin kaza biyu ba, kuma ba mai ganinsa. A saman kowane gatari akwai wata 'yar ƙofar numfashi. Idan mota ta yi tafiya, man da ke ciki yakan yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita ta nan. To idan ka zo da gatari mai zafi ka tsoma shi a ƙorama mai sanyi, iskar sai ta tsuke nan take, gatarin ya zuƙo abin da ke bakin ƙofar, wato ruwa da laka. Ba za ka san komai ba ranar. Bayan wata biyu sai ka ji gurnani daga baya, a buɗe a tarar man ya zama kamar kunun gyaɗa, haƙoran giya sun fara cin juna. Maganin shi ne a cire 'yar ƙofar, a sa siririn tiyo, a ja shi sama har cikin ɗakin injin, inda ruwa ba ya kaiwa. Na yi wa gatari biyu da akwatin giya. Baba ya tsaya yana kallo, bai ce komai ba. Da damina ta zagayo na ga irin tiyon a ƙarƙashin motocin haya biyu da ke zuwa garejinsa.

Na biyu shi ne bututun shaƙar iska da ke hawa ta gefen gilashi har saman rufi, wanda yara ke kira hancin giwa. Mutane sun ɗauka ado ne. Injin gas yana matse iska kusan sau 22 kafin ya fesa mai. Na zauna na yi lissafin nawa injin: kowace silinda tana ɗaukar kusan mililita 700, idan fistin ya kai ƙarshen hawansa abin da ya rage bai wuce mililita 33 ba, wato cokalin cin abinci biyu da ɗan ƙari. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwan da ya wuce wannan ya shiga silinda ɗaya, fistin zai taso ya tarar da bango, sandar da ke tura shi ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa injin. Cokali uku na ruwan ƙorama ya isa ya kashe injin da ya yi shekara talatin yana aiki. Asalin bakin shaƙar iskar yana ƙasa, kusa da taya. Ɗaga shi sama yana da wata riba kuma da rani, don ƙurar da ke tashi a bayan manyan motoci ta fi kauri a ƙasa. Amma bututun ba ya mayar da mota jirgi. Ruwa mai gudu da ya kai ƙofa yana iya ɗaga ta ya tafi da ita, shi ya sa har gobe nakan sauko in naɗe wando in taka ƙoramar da sanda kafin in shiga, ko in jira in ga inda mai shanu ya bi.

Inda muka fi yin gardama da Baba shi ne sifirin. A yankinmu, da mutum ya sayi akori-kura, wurin mai walda yake fara zuwa a ƙara mata faifai uku ko huɗu a baya, har ta ɗaga gindi kamar zakara. An ƙera ta ne ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, amma za ka gan ta da buhunan shanshera an jera sun fi rufinta tsawo, da mutum shida a sama. Baba yana ganin mota ba ta cika mota ba sai an yi mata haka. Ni kuma na ce ƙarin faifai yana hana ta durƙushewa ne kawai, bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa boris ba, bai ƙara wa shasi ba. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa ya karɓa, shasi ne zai karɓe shi, shi ya sa ake ganin motocin da suka tsage a bayan ɗakin direba an yi musu faci da ƙarfen gado. Kuma motar da aka ƙara wa faifai, idan ba kaya, ba ta taka ƙasa sosai, tsalle take yi, taya ɗaya na sama, a laka kuwa tayar da ke sama ita ce ke juyawa a banza. Baba ya ce, "To mi kaka ɗauka da ita da za ka sani?" Gaskiyarsa ta wani gefen. Mai motar haya ya san shasi zai tsage, amma kuɗin buhu goma na ƙari yau ne, tsagewar kuwa sai baɗi. Ni da albashina ba ya fitowa daga bayan motar ina da sararin da zan bi littafi. Na sa mata sababbin sifirin daidai adadinsu, da shakazoba masu kyau, na bar ta a tsayinta.

Wannan maganar taya mai juyawa a banza ita ce abin da masu sabuwar mota ba su sani ba sai sun kafe. Sunan ƙafa huɗu yana da ruɗi. A tsakiyar kowane gatari akwai giyar da ke barin tayar dama da ta hagu su yi gudu daban a kwana, kuma ita wannan giyar, idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai juyin ya tafi can. Mota na iya zama da taya biyu a kan busasshiyar ƙasa, biyu suna fesa laka, ba ta motsa ba. Akwai na'urar kulle gatari, amma tsadarta ta fi ƙarfina. Abin da nake ɗauka shi ne shebur, da katako biyu masu kauri, da igiya, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir. A yashi nakan rage iskar taya daga 35 zuwa 20 ko ƙasa kaɗan, tayar ta baje kamar tafin raƙumi, motar ta hau saman yashin maimakon ta tona shi. Mutane sukan taru suna kallo suna cewa Injiniya ya sace wa kansa iska. Kuma da an hau kwalta dole a cire ogzilari, don gaba da baya a kulle suke da juna, a kan titi mai kamu sai su yi ta murɗe juna har wani abu ya karye.

Akwai kuma abubuwan da na ƙi sa mata, ba don ba na so ba. A bidiyon Turawa ana ƙara babban tankin mai na biyu, da jerin fitilu a saman rufi, da baƙin gilashi, da fenti mai ruwan ƙasa. A bakin iyaka kowanne daga cikin waɗannan magana ce. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba na shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe wasu iyakoki huɗu a Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilu 2022. A waɗannan shekaru duk wanda ya zauna a yankin ya san me ake nufi da mota mai tanki biyu, ko mai ɗagaggen gindi da ke tafiya da dare ba fitila. Iyakar nan ta ratsa tsakiyar dangi ne. Dandawa da Fulani da Busawa da Kyangawa suna da 'yan'uwa a Segbana da Malanbil kamar yadda suke da su a Illo da Kaoje, kuma hanyoyin daji da ake zuwa biki da su, su ne ake bi da shinkafa da jarkoki. Jami'in da ke tsaye a shinge ba shi da hanyar sanin wanne ne kai sai ta kallon motarka. Daga ƙarshen 2024 kuma, da sunan Lakurawa ya fara yawo a bakin mutanen Kebbi da Sakkwato, kallon ya ƙara tsanani. Ita kanta Hilux tana da tarihin da ba ta nema ba. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, da sojojin Cadi suka kori tankokin yaƙi da akori-kurar Toyota har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin, motar ta zama abin hawan duk mai bindiga daga Sahara zuwa Gabas ta Tsakiya. Dalilin da ya sa suke son ta shi ne dalilin da ya sa nake son ta. Don haka tawa fara ce fat, gilashinta garau, takardunta a cikin leda a gaban mota, bayanta a buɗe kowa ya leƙa. Ba na kuma tafiya bayan magariba sai dole.

Abin da ke damuna a 'yan shekarun nan shi ne garejin Baba yana raguwa. Motocin da ke zuwa yanzu suna da abin da bakanikai ke kira birenbos, wato kwamfutar injin. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake jona na'ura a karanta ciwon mota, sauran ƙasashe suka bi. Sassan motar suna hira da juna ta wasu wayoyi biyu, a kan tsarin da kamfanin Bosch ya fitar a 1986. Wannan duniyata ce, na san ta fiye da yadda na san famfon gas. Na sayi 'yar na'urar da ake jonawa, ba ta kai kwalin ashana biyu ba, tana magana da waya. Ba ta da amfani a motata, amma yaron Baba, wani saurayi da ya gama sakandare, ya koyi aiki da ita a mako ɗaya. Yanzu idan aka kawo mota mai hasken gargaɗi, shi ake kira. Ya jona, ya karanta P0171, ya ce iska ta fi mai yawa. Baba na zaune a benci.

Sai dai lambar ba ta faɗin dalili. Tana iya zama tiyo ne ya tsage yana shan iska, ko famfon mai ya gaji, ko na'urar auna iskar ce ƙura ta rufe. Na ga ranar da yaron ya karanta lamba ya ce a sayo sabuwar na'ura daga Sakkwato, Baba ya taso ya kasa kunne, ya bi wani siririn fito da yatsa har ya kai ga tiyon da ya tsage a ƙarƙashi, ya yanke wurin ya mayar. Hasken ya mutu. Irin wannan muke fama da shi a ofis: saƙon kuskure yana nuna maka inda abu ya faɗi, ba inda aka tura shi ba. Wanda ya san na'ura bai san injin ba zai yi ta canja kaya da kuɗin mutane. Wanda ya san injin bai san na'ura ba kuma, motoci za su daina zuwa wurinsa, kuma sun fara.

Sababbin injinan gas sun fi nawa ƙarfi, sun fi shi tsimin mai, hayaƙinsu ya fi tsabta, ba na jayayya da wannan. Amma suna fesa mai da matsin da ya haura sau 1,500 na iskar da muke shaƙa, ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin gas ya isa ya lalata su. Mu kuwa a ƙauye gas daga jarka yake fitowa, ta mazurari da tsumma. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka, har da Benin, ta tarar da farar wutar da ke cikin wani gas ɗin ta ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Tsohon injina yana haɗiye irin wannan ya yi tari ya wuce, ko da yake shi ma na ƙara masa matata ta biyu mai kofin gilashi a ƙasa, inda ruwa ke taruwa in gan shi in zubar. Sabon injin kuwa, in ya tsaya a bayan Illo, ba Baba ba, ko yaronsa ba abin da zai iya. Wasu gyare-gyaren sai da manhajar kamfani, mai kalmar sirri. Manoman Amurka sun yi shekaru suna rigima da kamfanin John Deere a kan haƙƙin gyara taraktocin da suka saya da kuɗinsu, kuma a 2012 masu zaɓe a jihar Masacusets suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota su buɗe bayanan gyara ga ƙananan gareji. Mutane irina ne ke rubuta waɗannan makullai. Na san yadda ake yi, na san dalilan da ake bayarwa a taro, wasu ma dalilan na gaskiya ne. Amma idan na zauna a bencin Baba ba na jin daɗin sanin.

Ambaliyar 2020 ce ta canja matsayin motar a gidanmu. A ƙarshen Agusta da Satumba na shekarar ruwa ya shanye gonakin shinkafa a faɗin Kebbi, ya yanke hanyoyi, ya rushe gidajen ƙasa. Ina Bagudo a lokacin. Kwana tara motar ba ta huta ba. Mun kwashe tsofaffi da yara da buhunan hatsin da suka tsira zuwa tudu, har inda ruwa ya bari, daga nan kwalekwale ya karɓa. Tun daga lokacin lambar wayata ta shiga hannun mutanen da ban sani ba. An kira ni don mai naƙuda wadda babur ba zai iya ɗauka ba. An kira ni don wanda maciji ya sara a gona. An kira ni sau biyu don gawa. Wani lokaci ina nan, wani lokaci ina Birnin Kebbi a tsakiyar taron aiki da mutanen da ke wata nahiya, sai in ce a je wurin Baba a karɓi makulli, don yanzu da damina a can nake barin ta, yaron ke tuƙawa.

Wannan ya ɗaure mini hannu ta hanyar da ban shirya ba. Daɗin sha'awa irin wannan shi ne ka kwance abu ranar Asabar, ka baje shi a kan buhu, ka bar shi mako uku kana tunani. Yanzu ba ni da wannan damar daga Yuni zuwa Oktoba. Duk abin da zan kwance sai in tabbata zan mayar kafin dare. Inna ta faɗa mini sarai, "Motar nan ba taka ba ce kai ɗaya, kada ka kwance mata ciki da damina." Ban san lokacin da aka yi wannan rabon ba, kuma ba wanda ya kawo gudummawar kuɗin taya. Wani lokaci abin yana ba ni haushi. Na sayi abin wasa ne don in huta daga mutane masu cewa abu ya lalace a gyara yanzu-yanzu, sai ga shi na sake zama mai jiran kira. A bara wani ɗan kasuwa daga Kamba ya taya ta da kuɗin da ya ninka abin da na saye ta, na san kuma faifai huɗu zai fara ƙara mata. Matata ta ce in yi tunani. Na yi kwana uku ina yi, sannan na ce masa a'a, ita kuma ta buɗe sabon shafi a littafin.

Saboda haka manyan ayyuka sai hunturu, bayan an gama girbi, hanya ta bushe, babura sun koma bin ko'ina. Bana bel ɗin da ke daidaita juyin injin ne a gaba. Ana canja shi kusan kowane kilomita 100,000, kuma in ya tsinke injin na tafiya, fistin da bawul za su yi karo. Rubutuna ya nuna saura kilomita 6,000. Na riga na sayo bel ɗin da abin ɗaure shi da famfon ruwa, tunda sai an cire su ɗaya ake kaiwa ga ɗaya. Na ce wa Baba wannan karon yaron ne zai yi da hannunsa, ni in riƙe fitila da littafi, shi kuma ya zauna ya duba alamomin kafin a tayar. Ya ce ya ji, amma a fara da sassafe, don idonsa ba ya ganin alamar da ke jikin ƙarfe in rana ta karkata. Mun sa Asabar ta biyu bayan an kwashe shinkafar Inna.